Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙarin Zuciya da Ciwon Ƙyauren Zuciya

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma akwai ƙyamare huɗu waɗanda ke buɗewa su rufe domin jini ya bi hanya ɗaya tak. Akwai cututtuka biyu da kan sami waɗannan ɗakuna da ƙyamare, waɗanda alamunsu suka yi kama da juna ƙwarai, alhali kuwa maganinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira endokaditis, wato kamuwar fatar cikin zuciya da ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin kan shiga jini ta bakin da haƙoransa suka lalace, ko ta maruru, ko ta allurar da ba ta da tsabta. Idan suka tarar da ƙyauren da ya riga ya sami rauni, sai su maƙale masa, su haɗu da gudan jini su zama wani ɗan tsiro mai saurin marmashewa. A ƙasashen Afirka, har da Arewacin Nijeriya, babban abin da ke raunana ƙyauren shi ne zazzaɓin ciwon gaɓoɓi, wanda kan biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba a lokacin ƙuruciya. William Osler ya yi cikakken bayanin wannan cuta a laccocin da ya gabatar a Landan a 1885, kuma kafin samuwar penisilin kusan duk wanda ta kama ba ya tashi.

Ta biyu ita ce miksoma, wani ƙari mai taushi kamar dasƙararren romo. Ba sankara ba ce, kuma ba a cika samunta ba, amma duk da haka ita ce ta fi yawa cikin ƙarin da ke tsirowa daga zuciyar manya. Kimanin kashi 75 cikin 100 a ɗakin sama na hagu take fitowa, tana rataye da ɗan siririn wuya a jikin bangon da ya raba ɗakunan sama. Ta fi samun mata, musamman tsakanin shekara 30 zuwa 60.

Dalilin rikicewar shi ne duka biyun suna kawo zazzaɓi mai daɗewa, da rama, da kasala, da ƙarancin jini. Duka biyun suna sa likita ya ji wani baƙon sauti idan ya saurari ƙirji. Haka kuma a kowacce ɓarɓashi na iya ɓallewa ya bi jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Sau da yawa ma kafin a kai ga tunanin zuciya, an riga an yi ta ba majiyyaci maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot.

Amma akwai 'yan alamun da ke ba da haske. Mai endokaditis akan ga wasu jajayen layuka kamar sartse a ƙarƙashin farcensa, da ƙuraje masu zafi a kan yatsu, da kumburin saifa, da jini a fitsari. Mai miksoma kuwa wani lokaci numfashinsa kan sauya da sauyin kwanciya ko zama, har ya suma, domin ƙarin yana faɗowa ya toshe ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa.

Hoton ƙirji na eksire, wanda ya samo asali daga binciken Wilhelm Röntgen a Jamus a 1895, inuwar zuciya kawai yake nunawa. Yana iya nuna ta kumbura ko ruwa ya taru a huhu, amma ba ya leƙa cikinta. Abin da ya warware matsalar shi ne hoton eko, wanda Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara gwadawa a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya iya ji, ya bugi zuciya ya dawo kamar amsa-kuwwa, sai ta mayar da shi hoto mai motsi. A wannan hoto, tsiron endokaditis ƙarami ne, yana jikin ƙyauren yana kaɗawa, wani lokaci har ya huda shi jini ya riƙa komawa baya. Miksoma kuwa dunƙule ce babba, tushenta yana jikin bango, tana lilo tana shiga ƙofa tana fita da kowane bugu. Idan hoton da aka ɗauka ta ƙirji bai fito sosai ba, sai a zura na'urar ta hanyar abinci, wadda ke bayan zuciya daf da ɗakin sama na hagu.

Hoto kaɗai bai isa ba. Ƙa'idojin da Jami'ar Duke ta Amurka ta fitar a 1994 sun haɗa shi da awon jini: akan ɗebi jini kamar sau uku, a rene shi a kwalba don a ga irin ƙwayar da za ta tsiro. A nan ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai daga kemis yake yin ɓarna, domin yakan ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba.

Mai endokaditis yana bukatar allurar jijiya ta mako 4 zuwa 6, wani lokaci har da sauya ƙyauren. Mai miksoma kuwa babu allurar da za ta narkar da ƙarinsa, sai tiyata. Clarence Crafoord ne ya fara cire ta cikin nasara a Stockholm a 1954, kuma akasarin waɗanda aka cire wa suna warkewa sarai.

Saboda haka, duk zazzaɓin da ya wuce mako biyu ya ƙi jin magani, musamman ga wanda aka taɓa ce masa ƙyauren zuciyarsa na da rauni, ya kamata a kai shi asibitin da ke da na'urar eko, a kuma ɗebi jininsa kafin a fara ba shi magani.