Shari'ar Tombstone Bayan Harbin O.K. Corral

Ranar 26 ga Oktoba, 1881, a garin Tombstone na yankin Arizona a Amurka, an yi musayar wuta da ba ta wuce rabin minti ba kusa da garken dawaki na O.K. Corral. Mutum uku suka mutu: Billy Clanton da 'yan'uwa biyu, Tom da Frank McLaury, cikin makiyayan da ake zargi da satar shanu. Waɗanda suka harbe su su ne shugaban 'yan sandan garin, Virgil Earp, da 'yan'uwansa Wyatt da Morgan, da abokinsu Doc Holliday. Hujjarsu ita ce sun je karɓe bindigogi, domin dokar garin ta hana yawo da makami.

Ike Clanton, yayan Billy, ya shigar da ƙarar kisan kai. Alƙali Wells Spicer ya kwashe wata guda yana sauraron shaidu, ba don yanke hukunci ba, sai don ya ga ko hujjar ta isa a gurfanar da su. Maganar duk ta tsaya kan abu guda: mamatan sun ɗaga hannu aka harbe su, ko bindiga suka zaro? Johnny Behan, shugaban 'yan sandan gundumar, wanda dama ba ya ga maciji da Wyatt, ya goyi bayan masu ƙara, har aka tsare Wyatt da Holliday na ɗan lokaci. Amma bakin shaidun bai zo ɗaya ba, musamman Ike, wanda lauyan su Wyatt, Thomas Fitch, ya rikita da tambayoyi. Wyatt kuwa rubutaccen bayani ya karanta, dokar yankin ta hana a yi masa tambaya ko ɗaya. Wannan, a ganina, babban giɓi ne a shari'ar da ta shafi rayuka uku.

Ranar 30 ga Nuwamba Spicer ya sallame su. Ya zargi Virgil da ganganci wajen ɗaukar Wyatt da Holliday, masu jiƙaƙƙa da Ike, amma ya ce aikin doka suka yi.

Gaba ba ta mutu ba. A ƙarshen Disamba aka yi wa Virgil kwanton ɓauna, hannunsa na hagu ya nakasa. Ranar 18 ga Maris, 1882, aka kashe Morgan. Wyatt bai koma kotu ba. Ya tara mutanensa ya bi waɗanda yake zargi, ya fara da kashe Frank Stilwell a Tucson. Da aka fitar da sammacin kama shi sai ya bar Arizona, kuma har ya mutu a 1929 bai tsaya gaban alƙali kan waɗannan kashe-kashe ba.