Baƙo da gidan haya a Ingila: wa zai tsaya masa?

Ɗalibin da ya tashi daga Kano ko Zariya zuwa karatu a Birtaniya yakan sauka da yaƙinin cewa ya gama da batun kuɗi. Kafin a ba shi biza sai da ya nuna wa hukumar shige da fice cewa yana da guzurin da zai riƙe shi har na wata tara, kuma kuɗin sun yi kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Sai dai takardar bankin da ta gamsar da gwamnati ba ta cika gamsar da dillalin gida a Manchesta ko Bamingham ba. Dillali ba ya tambayar nawa ka tara. Abin da yake son sani shi ne nawa ke shigo maka duk wata a cikin ƙasar, da kuma wanda ya san ka.

Al'adar kamfanonin da ke tantance masu haya a Ingila ita ce albashin mutum na shekara ya kai kuɗin hayar wata sau 30. Gidan da ake biyan fam 900 a wata ke nan yana buƙatar mai albashin fam 27,000 a shekara, tare da takardun albashi na watannin baya, da shaidar tsohon mai gida, da tarihin biyan bashi a ƙasar. Wanda ya sauka jiya ba shi da ko ɗaya, ko da mahaifinsa na da rumfuna goma a Kantin Kwari. Ban da wannan, tun daga watan Fabrairun 2016 doka ta wajabta wa masu gidaje a Ingila su tabbatar cewa mai haya yana da izinin zama, in ba haka ba a ci su tara. Hakan ya sa wasu masu gidajen suke gudun mai fasfon waje tun daga ƙofa.

Shekaru da dama mafitar baƙo ita ce ya biya hayar wata shida ko ta shekara gaba ɗaya. Ɗan Najeriya bai ga baƙon abu a nan ba, domin a Kano da Abuja ma kuɗin shekara ake karɓa, kuma a fiƙihu babu laifi a gabatar da kuɗin haya idan ɓangarorin biyu sun yarda. Nauyin ya ƙaru ne bayan an saki naira a watan Yunin 2023, farashin fam ya ninka. Yanzu kuma ƙofar ce kanta ake rufewa. Sabuwar dokar kare haƙƙin masu haya, wadda ta samu amincewar Sarki Charles a watan Oktoban 2025, ta hana mai gida a Ingila neman fiye da hayar wata ɗaya a gaba, kuma gwamnati ta sanya 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita. An yi dokar ne don kare talaka daga gasar masu kuɗi, kuma manufa ce mai kyau. Amma ga baƙon da ba shi da wata hujja sai kuɗin hannunsa, hanya ɗaya ta rage: ya kawo mai lamuni.

Mai lamuni shi ne wanda zai sa hannu cewa idan mai haya ya gaza, shi zai biya. Galibi ana so ya zama mazaunin Birtaniya, albashinsa ya kai hayar wata sau 36, wani lokaci ma a ce sai mai gidan kansa. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ɗamani ko kafala, kuma asalinsa tabbatacce ne: suna kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, da hadisin da ya ɗora wa mai lamuni biyan abin da ya lamunce. Bahaushe ma ya daɗe da sanin sa. A zangunan Kumasi da Sabon Ibadan, fatake ba sa shiga kasuwa da takarda. Mai masaukinsu ne yake tsaya musu, sunansa ne jarinsu.

Inda matsalar take shi ne, a Ingila lamuni ya zama sana'a. Akwai kamfanonin da za su tsaya wa ɗalibi a madadin ɗan'uwa, su karɓi kuɗin da ba a mayarwa, idan kuma suka biya mai gida, su dawo su bi ɗalibin bashi. Jumhurun malamai sun hana karɓar lada a kan lamuni, har Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i a kai. Malikawa sun haɗa shi da rance da kuma amfani da alfarma, a matsayin abubuwa uku da ba a yin su sai don Allah. Dalilin a fili yake: ranar da mai lamuni ya biya, ya zama mai ba da rance, kuma idan ya karɓi abin da ya biya ga kuma ladan da ya riga ya karɓa, rance ya jawo riba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan a zamanta na Jidda a watan Disambar 1985, sai dai ta halatta karɓar ainihin kuɗin ɗawainiyar aiki.

To, ina matsayin ɗalibin da ya nema ya rasa? Malamai sun bambanta mai karɓa da mai bayarwa. Shaikh Wahba az-Zuhaili yana cikin waɗanda suka ce wanda bai samu mai tsaya masa don Allah ba, kuma buƙata ta matsa masa, ya halatta ya biya. A ganina sassaucin nan yana wurinsa, muddin mutum ya nema da gaske kafin ya fake da lalura. Kuma akwai wuraren nema. Jami'o'i irin su UCL ta Landan da Jami'ar Edinbara suna da tsarin tsaya wa ɗalibansu. Ɗakunan kwanan jami'a ba su cika neman shaidar albashi ba. Wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan ke zaune a ciki, sharuɗɗansa sun fi sauƙi, ko da yake kariyar doka gare shi ta fi ƙaranci. Wata shida a irin waɗannan wurare, tare da aikin sa'a 20 a mako da bizar ɗalibin digiri ta yarda da shi, sun isa mutum ya samu takardun da a da ba shi da su.

Abin da ba shi da wata fuska shi ne takardar albashi ta jabu, wadda wasu ke sayarwa sababbin zuwa da sunan taimako. Algus ne a shari'a, kuma zamba ce a dokar ƙasar ta 2006, mai hukuncin da ke iya kai wa shekara goma a gidan yari, ban da abin da zai samu bizar mutum. Haka nan karɓar gida da sunan wani a saka wani ba da sanin mai gida ba. Shi kuma wanda ya tura kuɗi daga Najeriya don gidan da ya gani a hoto kawai, sau da yawa yakan iso ya tarar babu gidan, babu dillalin. Yana da kyau a san cewa dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin riƙe gida ga hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma ga hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sanya shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30.

Sauran magana tana kan 'yan'uwan da suka daɗe a can, likitoci da malaman jami'a da injiniyoyi, waɗanda ake tsarewa a ƙofar masallaci bayan Juma'a ana neman su sa hannu. Ɗari-ɗarin da suke yi ba rowa ba ce. Idan ɗalibai huɗu suka kama gida da yarjejeniya guda, wanda ya tsaya wa ɗaya daga cikinsu yana iya wayar gari ana bin sa hayar gidan duka, har da ɓarnar da waninsa ya yi. Don haka kafin sa hannu a karanta takardar da kyau, a nemi a rubuta cewa lamunin ya tsaya kan kason mutum ɗaya da kuma wa'adi sananne. Sannan babu abin kunya idan mai lamuni ya nemi iyayen ɗalibi su ajiye masa hayar wata biyu ko uku a matsayin jingina, a rubuce, da shaidu. Fiƙihu ya yarda da jingina, sharaɗin kawai kada ya ci moriyarta. Kuɗin da iyaye suka tanada don biyan wata shida a gaba, waɗanda doka ta hana mai gida karɓa, suna iya zama wannan jinginar, a hannun mutum ɗaya ko a hannun kwamitin masallacin da ya yarda ya riƙe amanar.