Dodo Tsakanin Tsoro da Dariya: Daga Majigi zuwa Tatsuniya

Gabatarwa

A shekarun 1950, masana'antar fim ta Amurka ta cika gidajen sinima da fina-finai masu arha waɗanda jigonsu shi ne wata muguwar halitta da ke afka wa mutane. Cikinsu akwai Creature from the Black Lagoon (1954), labarin dodon ruwa a kogin Amazon, da The Blob (1958). Daga baya aka sami fina-finan da ke kwaikwayon waɗancan cikin raha da girmamawa, irin su Tremors (1990), inda wasu ƙatti-ƙattin tsutsotsi ke farautar mutane daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan maƙala na nuna cewa gwama tsoro da dariya a jikin halitta guda ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe.

Siffar Dodo a Tatsuniya

Mafi yawan abin da Frank Edgar ya buga cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911–1913) ya fito ne daga alƙalamin malamai, kuma wani kaso nasa Razdan Burdon ne ya sa aka tattara a Sakkwato. A cikin irin waɗannan tatsuniyoyi, Dodo ƙato ne mai gashi, mazaunin daji ko ruwa, mai haɗiye mutum ɗungurungum. Abin tsoron da yake wakilta na gaske ne. A ƙasar da gulbi ke cika da damina, kamar Goronyo da Wurno da ke gaɓar Rima, dodon ruwa gargaɗi ne ga yaro kada ya kusanci zurfi.

Sai dai wannan Dodo wawa ne. Yana tsoron karnuka, kuma Gizo ko ƙaramin yaro kan yi masa wayo. Wani lokaci wanda ya haɗiye ne ke farke cikinsa da wuƙa, mutane su fito da ransu. Haka tsutsotsin Tremors suke: motsi da ƙara suke bi, da su kuma ake yaudararsu har su halaka. A wurare biyun, dabarar mai rauni ce ke kayar da mai ƙarfi, a nan ne kuma dariya ke ɓarkewa.

Ƙyafta Ido ga Mai Sauraro

Abin da ya bambanta fim irin na Tremors shi ne mai kallo ya san wasa ake yi, ya kuma yarda a tsorata shi. Tatsuniya ma tana da wannan yarjejeniya. Mai bayarwa kan sauya murya ta yi gurnanin Dodo, yara su ƙanƙame juna suna ƙyaƙyatawa, sannan ta rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato ita da kanta ta tona asirin wasan. Camamar marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ta gaji wannan salo: ta ɗauki abin da jama'a suka sani, ta zuzuta shi har ya koma abin dariya.

Kammalawa

Idan manazarta suka ware ban tsoro da ban dariya a matsayin jigogi biyu masu zaman kansu, Dodo zai faɗa tsakani, ba a fahimci aikinsa ba. Aikin nasa kuwa shi ne koya wa yaro ya san haɗari, ya kuma san cewa hankali na iya rinjayarsa. Marubucin fim ɗin Hausa da ke son gwada wannan fanni yana da dodonsa a gida, a bakin kakarsa.