Kasuwa Ma Makaranta Ce: Ilmin Sinadarai Daga Alaba Rago Zuwa Agege

Kowace shekara, idan jarrabawar Hukumar WAEC ta ƙarato, ɗaliban kemistiri, watau ilmin sinadarai, sukan duƙufa ga haddar sunayen sauye-sauyen da kan auku idan sinadari ya gamu da sinadari. Da yawa daga cikinsu sukan haddace abin da ba su taɓa gani da ido ba, musamman a makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje, sa'an nan da zarar an juya musu tambaya sai su ruɗe. Alhali kuwa ga 'ya'yan Hausawan Ikko, waɗannan sauye-sauye suna nan cikin sana'o'in iyayensu, tun daga Alaba Rago ta Ƙaramar Hukumar Ojo, a kan hanyar Badagry, wadda sunanta ya daɗe yana tafiya da cinikin raguna da hatsi da tsofaffin ƙarafa, har zuwa Agege, tsohuwar matattarar fataken goro.

Tushen wannan ilmi shi ne ƙa'idar da masanin nan na Faransa, Antoine Lavoisier, ya bayyana a littafinsa na 1789. Ya nuna cewa idan sinadarai suka sauya, ba abin da ke ɓacewa, ba kuma abin da ke fitowa daga babu. Ƙwayoyin zarra ne kawai ke sake abokan zama, kuma yadda suke sakewar ne ya raba sauye-sauyen zuwa manyan iri biyar.

Na farko shi ne haɗuwa, inda abubuwa biyu ko fiye kan zama abu guda. Duk ɗan gwangwan ya san tsatsa, to ita ce misalinsa: baƙin ƙarfe ne ya haɗu da iskar oksijin tare da taimakon danshi. Da za a tattara tsatsar duka a auna, da an tarar ta fi ƙarfen da ta ci nauyi, domin nauyin iskar ya ƙaru a kansa. Raɓar Ikko da gishirin teku da iska ke ɗaukowa suna gaggauta wannan aiki, shi ya sa ƙarfe ya fi saurin lalacewa a nan bisa ga Kano ko Katsina.

Na biyu shi ne rabuwa, watau kishiyar na farko. A masana'antun siminti na Ewekoro a Jihar Ogun da Kalambaina a Sakkwato, akan gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai kimanin digiri 900, sai ya rabu biyu: farin gari da iskar kabon dayoksaid. Mashahurin burodin Agege ma ta wannan hanya yake tashi, domin yisti ne ke farfasa sukarin da ke cikin kwaɓin fulawa, iskar da ta fita ta kumbura shi.

Na uku shi ne ture. Idan aka tsoma ƙusa cikin shuɗin ruwan nan mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, bayan ɗan lokaci shuɗin zai kode, ƙusar kuma ta yi ja, saboda baƙin ƙarfe ya ture jan ƙarfe ya maye gurbinsa. Ƙarafa suna da jerin kuzari: tutiya tana gaba da baƙin ƙarfe, shi kuma yana gaba da dalma, sa'an nan jan ƙarfe, da azurfa, da zinariya. Na sama ne ke ture na ƙasa. Wannan jeri ne ya sa ake shafa wa kwanon rufi tutiya, domin ita za ta fara cinyewa ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

Na huɗu shi ne musaya, inda sinadarai biyu kan yi canjin abokai. Sabulu yakan ƙi kumfa a ruwan waɗansu rijiyoyi masu zartsi, domin kalsiyam na ruwan ya karɓi wurin sodiyam na sabulun, sai wani farin datti ya taso. Daga wannan dangi ne kuma gamuwar asid, watau abu mai tsami, da dangin kanwa take. Uwargidan da ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta yi abin da littafi ke faɗi: an sami gishiri da ruwa, kumfar da ta taso kuwa kabon dayoksaid ce. Ɗalibin da ba shi da takardar gwaji ta litmus sai ya nemi zoɓo. In ya ɗiga masa ruwan kanwa jansa zai gushe ya koma wajen kore, in ya matsa lemon tsami ya dawo ja.

Na biyar shi ne ƙonewa, kuma a nan ne ilmin ya shafi rai. Gawayin mai tsire yana ci a sarari, iska ta wadata, abin da ke fita kabon dayoksaid ne. To, amma idan iska ta yi ƙaranci, sai a sami kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Janareto ko kaskon gawayi a cikin shago ko ɗakin da aka rufe ya isa ya hallaka duk masu barci a ciki. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da amai, abin da yakan sa a zargi abinci ko iskoki. Matakin farko shi ne a buɗe ƙofa, a fitar da mutum sarari, a gaggauta kai shi asibiti. Janareto kuwa wurinsa waje ne, nesa da taga.

Abin lura a nan shi ne, tsatsa da ƙonewa da rinewar goro bayan an ɓantare shi duk aikin oksijin ne, bambancinsu sauri kawai. Saboda haka ya kamata malaman makarantun Ojo da Agege su riƙa shiga aji da ƙusa da kanwa da zoɓo, iyaye kuma su saurari 'ya'yansu idan suka yi maganar janareto. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.