Kafin ka yarda da ChatGPT, leƙa laburaren jami'arku

Idan kana ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma furojet ya taso ka gaba, kada ka bar wa ChatGPT nemo maka madogara. Yakan ƙirƙiro muƙalar da babu ita, ranar da malaminka ya bincika kuwa ka shiga uku.

Fara rubuta taken a Google Scholar ko AJOL, rumbun mujallun Afirka. In muƙalar ta fito amma aka nemi dala, dakata tukuna. Kai wa ma'aikacin laburare taken, ya duba ko jami'a ta riga ta biya kuɗin rumbun. Aikinsa ke nan, malamai ma wurinsa suke zuwa. Abin da ka samo, adana shi a Zotero, manhaja ce kyauta.