Yaron da aka yaye: a ajiye masa abinci, a bar shi ya ci

Kukan da muka fi ji daga bakin iyaye mata a Bodinga da Shagari shi ne: "Tun da na yaye shi ba ya cin abinci." Daga nan sai ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, wani lokaci har a toshe masa hanci. Da yawanmu haka aka yi mana, kuma da ƙauna aka yi. Amma yaron da ke kuka ana zuba masa kunu yana iya shaƙarsa ya wuce cikin huhu, ya jawo ciwon nimoniya. Wanda ya tsira daga wannan kuma yakan koyi tsoron kwano, yana hango shi ya fara ihu.

Mu fara da abin da ke faruwa a jikin yaron. A shekararsa ta fari nauyinsa yakan ninka kusan sau 3. A shekara ta biyu girman yana lafawa, yakan ƙara kilo 2 zuwa 3 ne kawai, don haka cinsa ma yana raguwa. Cikinsa kuma ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta cewa yaro mai wata 12 zuwa 23 ya ci abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, kowane ci kimanin kofi ɗaya mai mililita 250 ko ƙasa da haka kaɗan. Uwar da ta cika masa kwanon manya, ya ci rabi, ta ce bai ci ba, ta yiwu ya riga ya ƙoshi.

Ga kuma yayen kansa. A al'adarmu akan ɗauki yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya saba. Ko babba ne sai cinsa ya ja baya na 'yan kwanaki.

Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu tun a shekarun 1980, kuma rabon ya yi mana daidai. Iyaye ne ke da ikon abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro kuma shi ke da ikon ko zai ci, da yawan da zai ci. Wato a wanke masa hannu, a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taro yayyensa za su cinye kafin ya kai loma uku. A zauna kusa da shi, a yi masa hira, a lallaɓa shi, a taimaka masa idan ya gaji. Ya ɓata riga, ba komai. Idan ya kau da kai ya rufe baki, a ɗauke ba faɗa, a sake kawowa a lokaci na gaba. Sabon abinci kuwa, yakan ɗauki gwaji 10 ko fiye kafin yaro ya karɓa. Sai dai a tsare tsakanin lokutan cin: biskit da alewa da lemun kwalba suna kashe yunwa ba su gina komai. Nan muna roƙon iyaye maza musamman, masu dawowa daga kasuwa da tsaraba a aljihu.

Sassauci a kan yawan ci ba sakaci ba ne a kan abin da ke cikin kwanon. Tun da cikin ƙarami ne, kowane cokali ya zama mai amfani. Kunun gero tsararo ruwa ne kawai ke cika ciki. A dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, a sa garin gyaɗa ko na waken soya, ko ɗan mai. Wake da aka dafa ya yi laushi, dakakken busasshen kifi, zogale, kabewa, nono mai tsabta, duk muna da su. Ƙwai ma a ba shi; zancen cewa yana sa yaro sata ba shi da tushe. Gyaɗa ɗai-ɗai kuwa kada a ba shi, tana shaƙewa.

Akwai inda haƙuri ba ya aiki. Tamowa ba baƙuwa ba ce a jihar Sakkwato, musamman da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Yaron da ke wasa, yana gudu, nauyinsa na hauhawa a katin asibiti, a bar shi ya ci yadda yake so. Amma idan yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko yana zawo, ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, a kai shi asibiti a ranar. Za a auna damtsensa da tef. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani. A riƙa duba bakinsa ma. Cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta fi kama yara masu tamowa 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma da kumburin dasashi da warin baki take farawa. Akwai asibitinta na musamman a cikin garin Sakkwato, amma idan aka gano ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da tsabtar baki suna tsayar da ita kafin ta ci fuska.