Layin da ke magana a zanen injiniya

A takardar zanen gini ko ta inji, kowane layi da abin da yake faɗa. A ƙa'idar ISO 128, layi mai guntu-guntu yana nuna gefen da ido ba ya gani, mai dogon ja da ɗigo kuwa tsakiyar abu yake nunawa. Sai dai mai zana taswirar unguwa yakan buƙaci ƙari: layin da zai raba bututun ruwa da wayar lantarkin da aka binne.

Irin wannan layi da rubutaccen umarni ake ƙera shi. A manhajar AutoCAD jerin lambobi ake rubutawa: lamba zalla tsawon ja ce, mai alamar ɗebewa giɓi ce, sifili kuma ɗigo. A TikZ, wadda Bajamushe Till Tantau ya ƙirƙiro don masu aiki da LaTeX, ana iya umartar kwamfuta ta dasa alama, kamar kibiya, bayan kowace santimita 1, har a kan lanƙwasa. Ana raɗa wa salon suna, kuma da zarar an gyara shi a wuri guda, duk zanen ya gyaru.

Haɗarin yana wajen bugawa. In aka rage girman zane, giɓin na iya matsewa har layin ya koma miƙaƙƙe, sai lebura ya saka diga inda waya take kwance. Shi ya sa ƙwararru ke gwada bugu a ainihin girman takardar da za ta je wurin aiki, su kuma rubuta ma'anar kowane sabon layi a kusurwarta.